Ka zana hanyar ruwa kafin ka sayi inji ko ɗaya

Kawuna a Aboabo ya buɗe ƙaramar masana'antar piya wata, ya sayi injin yanka leda, ya sayi RO, wato na'urar da ke tace gishiri daga ruwa, aka ɗora tanki aka kira malamai aka yi addu'a, amma sati bai cika ba kullum kafin a kira azahar inji ya tsaya wai ruwa ya ƙare. Ya kira ni yace ɗana kai da ka yi karatun injiniya a jami'ar Tek zo ka duba mana wannan abu. Da na je nace kawu ina zanen? Yace wane zane kuma. Wallahi abin ya dame ni, don kuɗin da ya zuba ba kaɗan ba ne, kuma takarda ɗaya da biro sun isa su nuna matsalar tun kafin a sayi komai.

Zanen da nake nufi shi injiniyoyi ke kira PFD, wato taswirar yadda kaya ke bi cikin masana'anta daga inda suka shigo har inda suka fita. Irinsa ake amfani da shi a matatar mai ta Tema da wajen sarrafa gas na Atuabo, kuma shi dai zai yi maka aiki ko manja kake matsa ko man kaɗe.

Ka fara da akwatuna kawai, kar ka damu da kyau. Ɗauki takarda ka kwantar da ita, hagu shigowa dama fita, kowane aiki akwati ɗaya da kibiya zuwa na gaba. Na kawu haka ya fito: bohol, famfo mai tura ruwa, tankin ɗanyen ruwa, filtar yashi, filtar gawayi, RO, tankin ruwa mai tsabta, fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, sai injin leda. Idan wannan ya zauna sai ka mayar da akwatunan zuwa alamomin da aka sani, famfo da'ira, tanki kamar ganga, da sauransu, akwai ƙa'idar ISO 10628 da ta tsara su, amma ko wacce alama ka ɗauka ka rubuta ma'anarta a gefe don wanda zai karanta bayanka. Kowane inji ka ba shi suna, P-101 famfo, TK-101 tanki, idan ka ga P-101A/B to famfo biyu ne, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko ta kwana.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Kowace kibiya ka sa mata lamba, 1, 2, 3, sannan a ƙasan takardar ka ja tebur ka rubuta abin da ke cikin kowane layi, lita nawa a awa, zafi nawa, matsi nawa. Dokar ɗaya ce, abin da ya shiga dole ya fita ko ya taru a ciki, ruwa ba ya ɓata a hanya haka kawai. Kuma ka fara lissafi daga ƙarshe ka dawo baya. Injin kawu yana yanka leda 2,000 a awa, kowace rabin lita, kenan lita 1,000. To amma RO ba duk ruwan da ka ba shi yake mayar maka ba, nasa kusan rabi yake zubarwa da gishirin da ya tace, saboda haka sai an ba shi lita 2,000 a awa kafin injin leda ya ƙoshi. Wannan layin na ruwan da ake zubarwa dole ya fito a zanen da lambarsa, haka ma ruwan wanke filta, duk da ba sayar da su kake ba.

Sai muka koma bohol da jarka mai lita 20 da agogon waya, ta cika a minti ɗaya cif, lita 1,200 kenan a awa. Ana buƙatar 2,000 ana samun 1,200, kowace awa tankin ɗanyen ruwa na raguwa da 800, tankin kuma 5,000 ne, idan an fara ƙarfe bakwai na safe to wajen ɗaya na rana ya bushe. Kawu ya kalli takardar ya yi shiru, can yace ashe inji ba shi da laifi, ni ina ta faɗa da wanda ya sayar min.

Abu ɗaya, kar ka cika zanen da tarkace. Ƙananan bawul, girman bututu, wayoyin na'urori, duk wannan na wani zane ne daban da ake kira P&ID, shi mai haɗa bututu ke riƙewa. Shi PFD so ake mutum ya kalla minti biyu ya gane me ke shiga me ke fita. Idan kana son ya fito tsaf a kwamfuta akwai manhajar draw.io, kyauta ce, ɗalibai masu son gwada lissafi kuma akwai DWSIM shi ma kyauta, amma ni na fi son mutum ya fara da fensir don zai goge sau goma.

In ka gama ka riƙe takardar ka shiga wajen da ƙafarka, ka bi bututu ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan zanen, duk inda ka ga bututun da ba ya takarda ka tsaya ka tambaya ina yake zuwa. Haka muka gano wani da aka ja zuwa bayan gida ba wanda ya sa shi a lissafi. Aikin awa goma giɓinsa lita 8,000 ne, sai kawu ya ƙara tanki na biyu mai 5,000, bohol na cika su da dare, ruwan da RO ke zubarwa kuma muka juya shi wajen wanke ƙasa da bayan gidan. Takardar tana nan manne a bango kusa da mita, har maiƙo ya ɓata mata gefe.