Zaren injin yankan ciyawa: kurakuran ajiya da maganar jiƙa shi a ruwa

A damina ta biyu da sayen injin yankan ciyawata, irin mai dogon hannu da ake ratayawa a kafaɗa, na ɗauko shi daga sito bayan ruwa ya zauna, na nufi lambu. Ban yi taku ashirin ba zaren da ke juyawa a bakin injin yana yanka ciyawar ya tsinke. Na buga kan injin a ƙasa, sabo ya fito, shi ma ya karye daidai bakin ramin da yake leƙowa. Kafin hantsi na kwance kan injin ya fi sau biyar. Raina ya ɓaci, na ɗora laifin a kan mai shagon da ya sayar mini. Wani dattijo mai kula da lambun maƙwabcina ya karɓi guntun, ya lanƙwasa shi da yatsu biyu, sai ya yi ƙas kamar tsinken tsintsiya.

"Ɗana, ina ka ajiye shi tun kaka?"

Na ce, "A bakin taga, Baba, cikin sito."

"To, ƙishirwa yake ji. Jefa shi a bokiti, gobe ka gwada."

Washegari da wannan zaren na gama kusan rabin lambun, sau ɗaya kawai na buɗe kan injin.

Babban kuskuren da muke yi shi ne ɗaukar zaren nan kamar kujerar roba, yadda ka ajiye haka za ka tarar. Yawancinsa da nailan ake yin sa, wanda masanan kamfanin DuPont na Amurka suka ƙirƙiro a 1935, kuma ɗabi'ar nailan ce ya sha danshi daga iska. In iska na da matsakaicin laima, yakan riƙe ruwan da ya kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa. In ya daɗe a cikin ruwa, ya ninka hakan sau biyu ko uku. Wannan ɗan ruwan ne ke ba shi taushi, ya daki dutse ya lanƙwashe maimakon ya karye. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu saƙar tabarma ya san haka: ba a saƙa busasshiyar kaba, sai an jiƙa ta.

Mu kuwa a nan lamarin ya fi tsanani. Injin yana aiki ne daga saukar damina zuwa kaka, sannan a jingine shi. Hunturu ya zo ya tsotse duk wani danshi, har leɓe da dunduniya su tsage, bazara ta biyo baya da zafin rufin kwano. Zare ya share wata bakwai ko takwas a cikin wannan hali, sannan mu ɗauko shi muna jiran ya yi aiki kamar ranar da ya fito daga masana'anta.

Saboda haka jiƙon yana amfani, ba camfi ba ne. Kamfanin STIHL na Jamus ma, wanda ke ƙera irin waɗannan injuna, yana ba masu saye shawarar su jiƙa zaren kamar kwana ɗaya kafin aiki. Sai dai da yawa suna yin jiƙon ba daidai ba. Wani zai tsoma shi minti biyar da safe, ya ga babu bambanci, ya ce zancen banza ne. Ruwa a hankali yake ratsa nailan, daga baya zuwa ciki, kuma iya kaurin zare iya jinkirin. Ka jiƙa tun yau don aikin gobe. Mai kaurin milimita 3 ka ba shi kwana biyu ko uku, ba abin da zai same shi. Ruwan randa ko na famfo ya wadatar. Ba sai ka tafasa ba, kuma kada ka zuba omo ko mai. Kar ka tsoma kan injin gaba ɗaya, domin akwai sifirin da sauran ƙananan ƙarafa a ciki, tsatsa za su yi. Ciro abin da ake naɗe zaren a kai, wanda ya yi kama da kwarkwaron masaƙa, shi kaɗai za ka jefa.

Akwai ɓarnar da ruwa ba ya gyarawa, ita ce ta rana. Hasken rana yana cin jikin nailan ɗin kansa, abin da ya lalace kuwa ba ya dawowa. Alamarsa a fili take: launi ya koɗe, jikin zaren ya yi fari-fari kamar an shafa alli, wani lokaci da 'yan tsage-tsage. In ka jiƙa irin wannan kwana biyu, ka ƙulla shi ka ja ya karye, to kar ka ɓata fetur ɗinka a kansa. Wannan ya sa ba na sayen wanda aka rataye a ƙofar shago rana na dukansa. Nakan ce a ɗauko mini na ciki, wanda ba a ɓare ledarsa ba. Haka kuma mai ɗan filin tsakar gida ba ya buƙatar ƙaton naɗi mai ɗaruruwan mitoci don kawai ya fi araha. Sayi abin da zai ishe ka damina ɗaya ko biyu.

Ajiyar kanta ba ta da wuya. Ni tsohon bokitin fenti mai murfi nake amfani da shi, na wanke shi tas, in sa zaren tare da ɗan jiƙaƙƙen soso, in rufe, in ajiye a ƙasa can ƙuryar ɗaki, nesa da taga da janareta. A tsakiyar hunturu nakan buɗe in ƙara wa soson ruwa. Leda mai kauri da aka ɗaure bakinta ma ta isa. Masu barinsa cikin ruwa dindindin su riƙa rufe bokitin, kada ya zama gidan sauro. Wanda ya rage a kan injin bayan aikin ƙarshe na shekara, shi ne aka fi mantawa. Ciro shi ka haɗa da sauran.

Ba kowane tsinkewa ba ne na bushewa, kuma a nan ake yawan zaluntar zare. In ka buɗe kan injin ka tarar ya narke ya manne da juna, naɗi ne da zafi suka jawo. An naɗe shi sako-sako, ko wani ya hau kan wani, ko an cika kwarkwaron fiye da kima. Naɗa shi tamau, layi bayan layi, ta inda kibiyar da ke jiki ta nuna. Sannan bakin zare ne ke yanka. In kana cusa kan injin gaba ɗaya cikin duhun ciyawa, ko kana goga shi da katanga da wayar shinge, ko wanda ya kwana bakwai a ruwa zai guntule. Kauri ma yana da ƙa'ida: ƙananan injunan batir galibi milimita 1.6 ko 2 suke ɗauka, na fetur 2.4 zuwa 3. Duba abin da aka rubuta wa naka. Tafasar da ta riƙa ko gindin gamba ba aikin zare ba ne, na wuƙar injin ne ko adda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu gajiya da tsinkewa su ɗaura wayar ƙarfe, har da ta birkin babur. George Ballas, mutumin Amurka da ya ƙirƙiro wannan inji a birnin Hustan a farkon shekarun 1970, da zaren kamun kifi ya fara, kuma taushin zaren shi ne hikimar abin. Ƙarfe in ya gaji da juyi sai ya ɓalle ya yi tsalle, ido ko ƙwaurin yaron da ke tsaye yana kallo zai samu. Haka cire marfin kariyar da ke bayan kan injin: a jikinsa akwai 'yar wuƙar da ke datse zare daidai tsawonsa, in babu ita zaren ya yi tsawo ya wahalar da injin, tsakuwa kuma ta riƙa dukan ƙafarka kai tsaye. Mayar da shi, ka sa tabarau da takalmi mai rufi, ka kori yara nesa kafin ka ja igiyar tayar da inji.