Yadda za ka auna tafiyar mutum da wayarka ta hannu

Duk shekara, idan lokacin zaɓen batun furojet ya yi, sai na samu ɗalibi daga sashen kwamfuta ko na ilimin motsa jiki ya ce mini yana son nazarin yadda mutane ke tafiya, amma an gaya masa sai da kyamarorin Vicon na musamman masu auna motsin jiki, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin sashe guda. Amsata ba ta canzawa: wayar da ke aljihunka ta isa, in dai za ka kiyaye wurin ajiye ta. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a Kalifoniya ta Amurka ya ɗauki doki yana sukuwa, ya nuna akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu ba sa taɓa ƙasa. Wayar Tecno ta yau ta fi kayan aikinsa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi mu da shi shi ne tsari.

Kafin ka taɓa kyamara, fara da saurin tafiya. Ɗalibai sukan raina wannan awon don ba ya buƙatar manhaja, alhali shi ne ya fi kowane faɗin gaskiyar halin mai jinya. Ka nemi fili shimfiɗaɗɗe mai tsawon mita 10, barandar aji ma ta yi. Ka auna da tef ɗin magina, ba na tela ba, ka ja layi da alli a farko, a mita 2, a mita 8, da ƙarshe. Mutum zai taka dukkan mita 10 ɗin, kai kuwa mita 6 na tsakiya kawai za ka ɗauki lokacinsu, saboda a biyun farko yana ɗaukar hanya ne, a biyun ƙarshe kuma ya fara rage sauri. In ya ci mita 6 cikin sakan 7.5, saurinsa mita 0.8 ke nan a sakan. Baligi mai lafiya yakan yi tsakanin 1.2 zuwa 1.4. Ga masu shanyewar ɓarin jiki akwai rabon da likitocin fisiyo, wato masu gyaran motsin jiki, ke aiki da shi tun 1995: wanda bai kai 0.4 ba tafiyarsa ta cikin gida ce, daga 0.4 zuwa 0.8 zai iya leƙa unguwa, wanda ya haura 0.8 zai iya shiga gari. Ni dai nakan ƙara wa ɗalibaina cewa shiga gari a takarda daban, tsallaka titi a Kawo ta Kaduna da ƙarfe biyar na yamma daban. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Kuma ka riƙe jumla ɗaya ga kowa: "Baba, ku yi tafiyarku yadda kuka saba." Da ka ce wa wani ya ɗan hanzarta, ka ce wa wani ya bi a hankali, ka ɓata alƙalumanka da bakinka.

Sai bidiyo. Nan ne yawancin aiki ke lalacewa, kuma ba ya gyaruwa daga baya.

Wayar ba a hannu za ta zauna ba. Ka sayi sandar kyamara mai ƙafa uku, ana samunta a shagunan kayan waya da ke Ahmadu Bello Way, ka daidaita ta da tsayin ƙugun wanda za a ɗauka. Ta fuskanci layin tafiyar daga gefe sak, kada ta karkata ko kaɗan, kuma kada ka bi mutumin da ita yana wucewa. Ka ja da baya kamar mita 4 zuwa 5. Dalili shi ne kyamara tana auna kusurwar lanƙwasar gaɓa daidai ne kawai idan gaɓar tana motsi a gicciye da idonta. In ka matso kusa, ƙafar da ke bakin hoton za ta bayyana a karkace, gwiwar da ta lanƙwashe digiri 60 ta fito maka da wata lamba dabam. Shi ya sa takun da ya faɗo a tsakiyar hoto kaɗai nake yarda a auna. Kafin kowa ya wuce, ka kwantar da sanda mai tsawon mita 1 cif a kan layin da za a taka, ba gabansa ba, ba bayansa ba, ka ɗauke ta na 'yan sakanni. Da ita manhajar da za ka yi awon da ita a kwamfuta za ta gane tsawon mita a cikin hoton.

Ka shiga saitin kyamara ka zaɓi hotuna 60 a sakan. A kan 30, tsakanin hoto da hoto akwai kusan kashi 33 cikin dubu na sakan, diddige zai iya sauka ƙasa ba ka gani ba. A kan 60 tazarar ta koma kusan 17. In 'yan tsere za ka ɗauka a filin wasa na Ahmadu Bello, nemi 120 ko fiye. Wasu wayoyin suna rage yawan hotunan da kansu idan haske ya yi ƙaranci, don haka ka ɗauki bidiyon agogon ƙirga sakanni na sakan 10 ka ƙirga hotunan ka gani ko lissafin ya cika. Hasken rana a inuwa ya fi komai. Wasu fitilun ɗaki kan sa hoto ya riƙa ƙyaftawa idan ka ƙara sauri, saboda wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan.

Yanzu ga abin da littattafan Turawa ba su tanadar mana ba: sutura. Su mutum yakan shigo da gajeren wando. Mu dattijo zai zo da kaftani har ƙwauri, Hajiya da zani da hijabi har ƙasa, kuma ba ka da hurumin ce musu su tuɓe. Alamomin da ake liƙawa don a ga gaɓoɓi a cikin bidiyon guda huɗu ne a gefen ƙafa: kan ƙashin cinya da ke tudu a gefen ƙugu, gefen gwiwa ta waje, idon sawu, da gindin ƙaramin yatsa. Farar sitika mai ɗigon baƙi ta wadatar. Ga maza, dogon wandon motsa jiki mai kama jiki ya warware matsalar. Ga mata, sai a ɗaki rufaffe, mace ta liƙa, mace ta ɗauka, kuma a gaya musu tun farko wa zai kalli bidiyon. In mace ta ce a'a, ka auna saurinta da yawan takunta ka bar kusurwa. Da babu gara ba daɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne liƙa sitika a kan zani, don yadin ne zai yi motsi, ba ƙashi ba. Takalmi ma a tsai da shawara guda: ko kowa ba takalmi, ko kowa da nasa na kullum, a rubuta. Mai silifas ba ya taku irin na mai kambas.

Ka kwashe bidiyon zuwa kwamfuta da kebul. Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, zai matse shi ya rage ingancinsa. In dole ne, tura shi a matsayin fayil. Manhajar da nake ba ɗalibai ita ce Kinovea, kyauta ce, tana aiki a Windows, ba ta neman intanet. Ka ja layi a kan sandar nan ka gaya mata mita 1 ce. In bidiyon na sannu-sannu ne, ka shigar mata da ainihin yawan hotunan da aka ɗauka a sakan, in ba haka ba duk lokutanka za su fito ƙarya. Daga nan sai ka bi hoto ɗaya-ɗaya. A ce diddigen dama ya sauka a hoto na 120, yatsun suka bar ƙasa a na 160, diddigen ya sake sauka a na 186. Zagaye guda ya ci hotuna 66, wato sakan 1.1 a kan hotuna 60 a sakan, ƙafar kuma ta yi 40 daga ciki a ƙasa, kusan kashi 61 cikin 100. Mai lafiya yakan yi kusan 60 a ƙasa, 40 a sama. Ka yi wa hagu haka ka kwatanta; mai ciwo a ƙafa ɗaya yakan yi saurin ɗauke ta daga ƙasa. Sannan ka ba abokin karatunka bidiyo goma ya auna ba tare da ya ga lambobinka ba. In kuka saɓa da yawa, awon ne ke da matsala, ba mai jinya ba.

'Yan sashen kwamfuta sukan so tsallakewa zuwa MediaPipe, shirin kwamfuta na Google, wanda ke gano wurare 33 a jiki ba tare da sitika ba. Madalla, amma babbar riga tana ruɗa shi, sai ya sa gwiwa inda ba gwiwa. A ganina furojet mafi amfani a nan shi ne a kwatanta abin da ya bayar da awon hannu na Kinovea a kan mutane masu suturarmu. Haka nan batun salla, shi ma furojet ne mai amfani. Tafiya tana neman lanƙwasa gwiwa kusan digiri 60 ne kawai, zaman tahiya kuwa yakan wuce 140, kuma da yawa cikin dattawan da ke zuwa fisiyo abin da suke tambaya ke nan: yaushe za su daina salla a kan kujera.

Bidiyon mai jinya bayanin lafiya ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa irinsa cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. In a asibitin koyarwa na Barau Dikko za ka yi aikin, sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka ɗauki ko mutum ɗaya. Takardar yarda ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatun boko. Kada suna ya hau kan fayil. Ka ba kowa lamba, K001, K002, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma ta zauna a wani wuri dabam a kulle. Shekaru, tsayi, nauyi da lokutan tafiya ka shigar da su a fom ɗin tattara bayanai a waya na KoboToolbox, wanda ke aiki ba sabis, ya aika da kansa idan ka dawo inda akwai. Zai taimake ka in aikin ya kai ka ƙauyukan Giwa ko Soba. Bidiyon kuwa nauyi gare shi, minti ɗaya yakan kai megabait 100, kada ka dogara da data. A ranar da ka ɗauka ka kwafe shi wuri biyu, kwamfuta da filash mai kalmar sirri, ka buɗe duka biyun ka tabbatar suna aiki, sannan ka goge na wayar, ka duba ko Google Photos bai riga ya ɗora shi intanet da kansa ba.