Yadda nake shuka gwanda a bayan gidana a Kubwa

Gwandata ta farko ruwa ne ya kashe ta. A kwari na shuka, ruwan Agusta ya kwanta a gindinta, saiwar ta ruɓe. Don haka ka nemi tudu, ka cakuɗa ƙasar da busasshen takin kaji.

Samo nunanniyar gwanda mai zaƙi, ka kwashe 'ya'yan, ka murje santsin jikinsu da toka, ka shanya a inuwa. Da damina ta zauna, ka zuba uku a kowane rami, tazarar mita 2. Cikin mako biyu zuwa uku za su tsiro.

Me ya sa uku? Ai gwanda akwai namiji. In sun yi fure, wanda furensa ke reto a dogayen sillaye shi ne gogan, cin taki kawai ya iya. Bar namiji ɗaya saboda barbara, ka sare sauran mazan.

Kafin shekara ta zagayo ka fara cira. Nunanniya tana sassauta taurin bayan gida. Maiɗakina takan daddanna ganyen, ta nannaɗe naman tsohuwar saniya a ciki kafin ta ɗora tukunya, sai ya yi laushi. Ɗanyar gwanda kuwa, mai juna biyu ta guje ta. Tafasasshen ganyen da ake sha don zazzaɓi, ni dai gwajin maleriya nake fara yi.