Yadda ake haɗa Chapman a gida

Kayan kofi biyu: Fanta kwalba ɗaya, Sprite kwalba ɗaya, grenadine cokali uku, lemon tsami ɗaya, rabin kokwamba, da ƙanƙara. Grenadine ruwan rumman ne da sukari, shi ke ba da jan launin.

1. A sa Fanta da Sprite a firiji su yi sanyi sosai. In da ɗumi aka zuba su, ƙanƙara za ta narke nan take, abin ya yi salam.

2. A yanka kokwamba siriri-siriri. A matse rabin lemon, a yanka sauran, a cire 'ya'yan domin suna kawo ɗaci.

3. A cika kofunan da ƙanƙara, a raba grenadine da ruwan lemon a ciki.

4. A karkata kofi, a zuba Fanta da Sprite a hankali ta gefe. Juyawa sau ɗaya ta isa, yawanta na fitar da gas.

5. A jefa kokwamba da yankan lemon.

Masu haɗawa a mashaya kan ɗiga Angostura, wani ruwa mai ɗaci da ƙamshi, amma kashi 44.7 cikin ɗari nata barasa ne. Mai gudun barasa ya matse ɓawon lemon zaƙi a maimakonta.