Yadda Ake Rubuta Wa Yara Labarin Yarinya Mai Dabara

Kafin ka raɗa wa yarinyar suna, nemo mata aiki. Ƴar shekara 11 a Tawa, cikin ƙasar Adar ta Nijar, ba ta zaman banza: tana tallar ƙosai kafin lakwal, tana ɗiban ruwa, tana kai awaki bakin gari, kuma a lissafin dala da jaka ko mushenta bai fi ta sauri ba. Ɗauki kaye ka rubuta abubuwan da hannunta ya iya. Duk dabarar littafin daga nan za ta fito, kuma wannan matakin ne sabon hannu ya fi tsallakewa.

Sai dalilin fita daga gida. Yaran Adar sun san gidan da uba ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya, aka bar inna da kaka. To, a ce akuyar da ake tatsa a gidan ta ɓace ranar kasuwa, wani ya gan ta cikin motar garin Abalak. Manya za su ce a yi haƙuri. Ita ba za ta iya ba.

Zana hanyar a takarda, ta zama ta gaske. A kan titin Agadas akwai tafkin Tabalak, inda masunta ke jefa koma, Buzaye da Fulani ke shayar da dabbobi. In kudu ka nufa, ga gonakin albasa na Galmi, ga Ƙonni a bakin iyakar Najeriya. Zaɓi ɗaya.

Yanzu aikin ya zo. Kowace wahala da ka ɗora mata, mafitarta ta fito daga abin da ka rubuta a kayen nan. Ta gane akuyarta cikin garke da tsagar kunne. Ƴan kalmomin Fulatanci da ta tsinta wurin talla su sa makiyayi ya saurare ta. Ta kama ɓarawon da ƙarya saboda farashin da ya faɗa bai yi daidai da na kasuwa ba. Babba yana iya ba ta ruwa ko ya ɗauke ta a amalanke, amma kada jandarma ko aljani ya sauko a babi na ƙarshe ya warware mata ƙullin. A ganina wannan cin amanar mai karatu ne. Kada kuma ka mai da ita Gizo, mai cin nasara da zamba. Bar ta ta ji tsoro, ta ɓata hanya, ta yi kuka, sannan ta sake tunani.

A bakinta bar Adaranci: ta ce "Inna, tahiya za ni yi", ba Hausar Kano ba. Ƙugiyoyin ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kuwa kada ka yi musu ganganci, yara da su suke koyon karatu.

Babi ya zama gajere, ya tsaya inda numfashi ya ɗauke. In ka gama, tara yaran unguwa bayan isha ka karanta musu da murya. Inda suka fara tsunkulin juna, sa alama da bik, washegari ka yanke wurin.