Darasi Na 7: Injin Haƙa Bohol Da Yadda Za Ka Sa Ido A Kan Aikin

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallo in ana haƙa bohol a unguwa ya san ƙarar nan da ƙurar nan, yara su cika wajen har sai an kore su. To darasinmu na yau a kan wannan injin ne, don ranar da za a haƙa a gidanka ko masallacinku ko gona ka san me ake yi da kuɗinka, kar ka tsaya kawai kana cewa "sannunku da aiki".

Abu na farko, ƙarfin injin nan daga mai yake zuwa, man hayidurolik. Injin gas yana juya famfo, famfon yana matsa man cikin tiyo masu kauri, man ne ke tura sandunan ƙarfe su ɗaga hasumiyar nan, wato dogon ƙarfen da ke miƙewa sama a kan motar injin, shi ke juya kan injin, shi ke danna rodi, wato bututun ƙarfen da ake haƙawa da shi, ƙasa ko ya zaro shi. Dabarar ita ce mai ba ya matsuwa, in ka danna shi ta nan dole ƙarfin ya ɓulla ta can. Kun san jak ɗin mota ai, yaro ƙarami sai ya ɗaga mota da hannu ɗaya, to abu ɗaya ne sai dai wannan babba ne. Wani masani ɗan Faransa mai suna Blaise Pascal ne ya bayyana wannan ƙa'ida tun a ƙarni na 17.

To amma shi man a sama yake aiki, ba ya shiga ramin. Abin da ake turawa cikin ramin ya danganta da irin ƙasar wajen, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

In ƙasar yashi ce da laka, kamar yawancin Sakkwato da Kebbi ko Borno da Yobe da gabashin Jigawa, da ruwa ake haƙawa. Za ku ga kafin a fara sun tona ramuka biyu a gefe sun cika su da ruwa, sun dama wata hodar laka a ciki da ake kira bentonait. Famfo ya zuƙi wannan ruwan lakar ya tura shi ta cikin rodi har ƙasa, ya fito ta bakin haƙorin da ke cin ƙasar, sai ya dawo sama ta gefen rodin yana ɗauke da yashin da aka tona, ya zuba a rami na farko yashin ya kwanta, ruwan ya wuce na biyu a sake zuƙarsa, haka yake ta zagayawa har a gama. Lakar tana shafe bangon ramin kar ya rufta, tana kuma sanyaya haƙorin. Shi ya sa in ruwa ya yanke musu aiki ya tsaya cak, ku tanadi tankar ruwa tun da wuri ko ku tabbatar an rubuta wa zai kawo.

In kuma ƙasar dutse ce a ƙasa, kamar Zariya da Kaduna da yawancin Kano, laka ba za ta yi ba sai an kawo kwamfaresa, wannan ƙaton injin iskar da ake jawowa a wata motar daban. Iska ake turawa cikin rodin, a can ƙasa akwai hama wato guduma, iskar tana buga ta sau ɗaruruwa a minti ɗaya tana farfasa dutsen, sannan iskar ta huro garin dutsen waje. Ƙurar nan fara da kuke gani ke nan, kuma ba ta da kyau ga huhu ko kaɗan, a rufe hanci, yara su matsa.

Ga wani abu da ya kamata ku riƙe. A ƙasar dutse ruwa ba a cikin dutsen yake ba, yana cikin ruɓaɓɓen sashen da ke samansa da kuma tsagogin da ke jikinsa. Don haka zurfi ba shi ne ruwa ba, wani zai ce a ƙara mita 20 wai ko za a dace, alhali in ba tsaga kuɗin gas kawai ake ƙonawa. Kuɗin awon ƙasa da ake yi da na'ura kafin a fara, ni a ganina shi ne kuɗin da bai kamata a yi wa rowa ba, duk da shi ma ba ya ba da tabbas ɗari bisa ɗari.

Yanzu ga inda karatunku da lissafinku zai yi amfani. Da mita ake biyan aikin, kuma ba ka ganin cikin rami, to ta yaya za ka san zurfin? Ka auna tsawon rodi ɗaya da tef tun kafin a fara, sannan ka zauna da biro da takarda duk rodin da aka ɗaura ka ja layi ɗaya. In rodi mita 3 ne kuma guda 15 suka shiga, 3 sau 15 ya ba ka mita 45. Haka za ka ƙirga fayif ɗin kesin da aka zura, wato bututun da ake sakawa ya riƙe bangon ramin, ka kuma duba akwai masu tsaga-tsaga a jiki wato sikirin, ta nan ruwa ke shiga. A zuba tsakuwa wankakkiya a gefen fayif ɗin, a toshe saman da siminti don ƙazantar sama kar ta gangara, a wanke rijiyar har ruwan ya fito garau kafin a zura sumo, wato famfon da ake nutsarwa cikin rijiyar ya turo ruwa sama. Kuma a nisanta ta da masai, kamar mita 30 in da hali.

Maganar haɗari kaɗan. Kafin a ɗaga hasumiya a kalli sama ko akwai wayar lantarki. In tiyon mai ya huje kar wanda ya shafa da hannu yana neman wajen, man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shige cikin nama, ciwon ya yi kamar ba komai amma yana iya jawo a yanke yatsa, da kwali ake dubawa, in kuwa ya faru a tafi asibiti nan take. Mai babbar riga ko rawani kuma kar ya matsa kusa da rodin da ke juyawa.

Aikin gida: an ce maka an haƙa mita 60, kai kuma ka ja layi 17 a takardarka, kowane rodi mita 3. Mita nawa aka haƙa, kuma mita nawa ne bambancin? Ka rubuta amsar da lamba, ka kuma rubuta ta da kalmomi.