Yadda ake lissafin nisan tafiyar jirgin sama daga Yamai zuwa tsibirin Saint Helena

Saint Helena tsibiri ne a tsakiyar tekun Atlantika ta kudu, nisansa da gaɓar Afirka ya kusa kilomita 1,900. A can Napoleon ya rasu a 1821. Mai son sanin nisansa daga Yamai yana buƙatar lambobi biyu: nisan miƙaƙƙen layi, da nisan da jirgi zai bi da shi a zahiri. Na biyun ne ke cin kuɗi da kwanaki.

A fara da matsayin filayen jirgin a taswira. Filin Diori Hamani na Yamai yana digiri 13.48 arewa, 2.18 gabas. Na Saint Helena yana 15.96 kudu, 5.65 yamma. Tunda ɗaya na arewa ɗaya na kudu, tarawa ake yi: 29.44. Haka gabas da yamma: 7.83. Kowane digiri kusan kilomita 111 ne, sai a samu 3,268 da 869. A ninka kowace lamba da kanta, a tara, a danna alamar √ a na'urar lissafin waya. Amsa: kusan kilomita 3,380.

Nan ake yawan kuskure. Wanda ya ɗebe maimakon tarawa zai samu kilomita 275 tsakanin arewa da kudu, abin da ko nisan Yamai zuwa Maraɗi bai kai ba. Wani kuma ya ga 13°29' ya rubuta 13.29, alhali mintoci 60 ne ke cika digiri, sai an raba 29 da 60. A kula da mil ma: na matuƙan jirgi kilomita 1.852 ne, na ƙasa 1.609. Lissafin kilomita 111 a digiri ya yi daidai ne don hanyar ta ratsa ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. A wuraren da suka yi nisa arewa, digirin gabas da yamma yana raguwa sosai.

Da akwai jirgi kai tsaye mai gudun kilomita 800 a awa, awa huɗu da ɗoriya sun isa. Amma babu. Jirgin fasinja na yau da kullum, wanda kamfanin Airlink na Afirka ta Kudu ya fara a 2017, daga Johannesburg yake tashi. In aka bi ta Addis Ababa, Yamai zuwa can kusan 4,000 ne, daga nan zuwa Johannesburg wajen 4,070, sannan 3,680 zuwa tsibirin. Jimilla ta haura 11,700, fiye da ninki uku. Mai tasowa daga Tawa ya ƙara wajen kilomita 550 na mota ta Konni da Doso.

Iskar filin tsibirin tana juyawa ba zato, ita ce ma ta jinkirta buɗe shi, kuma jirage kaɗan ne a mako. Kada a sayi tikitin komawa gida daga Johannesburg a ranar da ake sa ran saukowa daga tsibirin. A bar tazarar kwana biyu ko uku.